Ciwon daji na biyu a jiki ɗaya: yaɗuwa ce ko sabuwar cuta?

Tambaya: "Likita, shekara takwas da suka wuce an cire wa mahaifiyata nonon hagu saboda ciwon daji, tana da shekara 50 a lokacin. An yi mata kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, an yi mata gashi da hasken na'ura, ta sha ƙwayar tamoxifen shekara biyar, aka ce ta samu lafiya. Watan jiya ta fara ganin jini, alhali ta daɗe da daina al'ada. An ɗebi tsoka daga cikin mahaifa, sakamako ya nuna daji ne. Likitan mata ya ce ba na nonon ba ne ya dawo, wani ne daban, kuma yana so a yi mata aiki. Yayyenta maza sun ce cutar ce ta bi jiki, kada a sake sa mata wuƙa. Shin mutum ɗaya yana iya kamuwa da daji iri biyu? Ko maganin da ta sha ne ya jawo? Mu 'ya'yanta fa?"

Amsa:

Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da ita.

E, 'yar'uwa, mutum ɗaya yana kamuwa da daji iri biyu, har uku ma, kowanne da tushensa, babu wanda ya haifi wani. Kuma ko da yake maganar za ta yi miki nauyi a kunne, abin da likitan mata ya faɗa muku shi ne mafi sauƙi a cikin labarai biyun da za a iya ba ku. Dajin nono da ya ɓulla a wata gaɓa mai nisa ya kai mataki na huɗu ke nan, wanda ake lallaɓawa a danne shi shekaru amma ba kasafai ake raba mutum da shi ba. Sabon dajin mahaifa kuwa lissafinsa daga farko ake soma shi. Idan bai wuce bangon mahaifa ba, mataki na ɗaya ne, kuma a wannan mataki kusan mata tara cikin goma suna nan da ransu bayan shekara biyar, yawancinsu da aikin tiyata kaɗai suka rabu da shi. Saboda haka gardamar da ke tsakanin likita da kawunnanki ba ta suna ba ce, a kanta ne maganin Hajiya ya rataya.

Daji yana farawa ne daga ƙwayar halitta guda da ta lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa. Idan 'ya'yan wannan ƙwaya suka bi jini ko hanyoyin kaluluwa suka sauka a hanta ko ƙashi ko huhu, suna tafiya ne da kamanninsu na asali. Bakanon da ya yi shekara talatin a zangon Kumasi, da ya buɗe baki za ka san daga inda ya fito. Haka dajin nono da ya je hanta: a ƙarƙashin madubin likita ƙwayoyin nono ake gani, kuma maganin dajin nono yake ji, ba na hanta ba. Wannan ita ce yaɗuwa. Sabon daji kuwa ɗan wurin ne, daga ƙwayoyin gaɓar da aka same shi ya taso. Akwai kuma na uku da ake rikitawa da waɗannan, wato dawowa, inda ragowar tsohon ya sake tsirowa a tabon aiki ko a hammata.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Theodor Billroth, babban likitan tiyata na birnin Biyana, ya bayyana irin waɗannan marasa lafiya tun a ƙarni na 19. A 1932 wasu masana gwajin tsoka biyu na Amurka, Warren da Gates, suka gindaya sharuɗɗa uku da har yau a kansu ake tafiya: kowane ƙari a tabbatar daji ne ta gwajin tsoka, kowanne ya zama mai zaman kansa, sannan a kawar da yiwuwar cewa ɗaya yaɗuwar ɗayan ne. In an gano biyun cikin wata shida da juna, ana ɗaukarsu na lokaci guda. In tazarar ta fi haka, kamar ta Hajiya, ana cewa na biyun ya biyo baya ne.

Sharaɗi na ukun nan shi ne aikin. Hoto, komai tsadarsa, ba ya iya yanke hukunci. Abin da zai nuna shi ne akwai ƙari a wuri kaza mai girma kaza. Tsoka ce ke faɗin gaskiya. Wadda aka ɗeba daga mahaifar Hajiya, a ɗakin gwaji an jiƙa ta a ruwan adana nama, an daskarar da ita cikin kaki, ta zama ɗan dunƙule da bai fi akwatin ashana girma ba, da lamba a jikinsa. Daga shi ake yanko fallaye da suka fi fatar albasa siranta, a shimfiɗa a gilashi, a rina, a duba. Yawancin dajin cikin mahaifa yana da tsari irin na shimfiɗar mahaifa, wanda ƙwararre zai gane da kallo ɗaya. Inda aka yi shakka sai a ƙara rini na musamman da ke kama sunadaran da kowace gaɓa ta keɓanta da su. Ƙwayoyin nono sukan kama rinin da ake kira GATA3, na mahaifa kuma PAX8. Rinin da ke nuna ƙari yana jin sinadarin mata na istirojin ba ya raba gardama a nan, don duka biyun suna iya kama shi.

Na tsaya a kan wannan ne domin kawunnanki ba su yi kuskure ɗari bisa ɗari ba. Dajin nono yana iya sauka a mahaifa, ko da yake da wuya, kuma akwai wani nau'insa, wanda ke tasowa daga jakunkunan da ke yin ruwan nono, da ya fi sauran son bin ciki da ƙwan mace da mahaifa. To abin yi shi ne ki karɓi takardar sakamakon ki karanta sunan da aka rubuta. Ki nemo ta shekara takwas da suka wuce ki ajiye su gefe da gefe. Ki tambayi likita kai tsaye: an kwatanta da tsohon? Akwai buƙatar ƙarin rini? Ɗakunan gwajin asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, suna ajiye waɗannan dunƙulen kaki shekaru, kuma mara lafiya na da damar a nemi nasa da takarda daga likita a sake dubawa. 

Kuskuren da na fi jin takaicinsa a wannan fanni shi ne na gaggawar yanke ƙauna. Mace ta taɓa yin dajin nono, bayan shekaru aka ga tabo guda a hoton huhunta, sai kowa ya sunkuyar da kai, a ce ya yaɗu, a koma gida a yi ta addu'a. Alhali tabo guda ɗaya tak a huhu yana iya zama sabon dajin huhu da za a yanke a huta, kuma a ƙasarmu yana iya zama tarin fuka da ƙwayoyin wata shida za su kashe. Likitoci ma suna faɗawa wannan rami, ba 'yan uwa kaɗai ba, domin da zarar an ga kalmar daji a fayil, duk abin da ya biyo baya sai a jingina shi gare ta.

Yawan masu daji biyu ya danganta da yadda aka ƙirga. Rahotanni daga ƙasashe daban-daban sun kama daga kashi 2 zuwa kashi 17 cikin 100 na masu daji. Tazarar ta yi faɗi haka ne saboda ƙa'idojin ƙirga sun bambanta: rajistar masu daji ta Amurka tana ɗaukar daji a nonon dama bayan na hagu a matsayin biyu, hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon a Faransa kuma ɗaya take ƙirga su. A Amurka, kusan ɗaya cikin biyar na sababbin cututtukan daji da ake ganowa suna fitowa ne a jikin wanda ya taɓa yin wani, kuma a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama adadin ya kai ɗaya cikin huɗu. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta Kotun Ƙolin Amurka ta yi dajin babban hanji a 1999, ta yi na fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai daidaita sukari a jini, a 2009, aka cire mata wani daga huhu a 2018, kuma tana kan kujerar alƙalanci har rasuwarta a 2020 tana da shekara 87. Da an ɗauki na 2009 a matsayin yaɗuwar na 1999, da labarin ya gajarce. A wajenmu ba a cika ganin irin wannan ba, kuma dalilin ba abin alfahari ba ne: mafi yawan mata suna zuwa asibiti ne dajin nono ya riga ya kai mataki na uku ko na huɗu, ba sa daɗewar da na biyu zai same su. Kasancewar Hajiya ta kai shekara takwas shaida ce cewa maganin farko ya yi aiki.

Sai tambayar da na san ita ke cin ranki: maganin ne ya jawo? Zan faɗa miki gaskiya, akwai yiwuwar tamoxifen yana da hannu. Wannan ƙwaya tana da fuska biyu. A nono tana toshe wa istirojin hanya, shi ya sa take hana daji dawowa. A shimfiɗar mahaifa kuwa tana yin aiki irin na istirojin ɗin, tana sa ta kauri. Ga matar da ta daina al'ada, tana ninka haɗarin dajin cikin mahaifa sau biyu zuwa uku. Ninki uku na abu kaɗan dai har yanzu kaɗan ne: a wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa mai suna ATLAS da aka fitar da sakamakonsa a 2013, kusan mata 2 cikin 100 da suka sha ta shekara biyar ne suka samu dajin mahaifa a shekaru goman da suka biyo baya, kusan 3 cikin 100 kuma a waɗanda suka sha shekara goma. A ɗaya hannun, shan ta shekara biyar yana rage mutuwa daga dajin nono da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da za a mayar da Hajiya shekara takwas baya a ɗora mini alhakin rubuta mata magani, bisa abin da kika bayyana, ba zan ga laifin wanda ya rubuta mata ita ba. Inda ake yin sakaci shi ne rashin gaya wa mace ranar da aka miƙa mata ƙwayar cewa duk ɗigon jinin da ta gani bayan daina al'ada, ko ruwa mai launin jini, ta zo asibiti a makon. Hajiya ta zo da wuri, kuma wannan ya yi mata rana.

Ko babu tamoxifen, nono da mahaifa suna da abokan gaba iri ɗaya. Bayan daina al'ada kitsen jiki ne ke samar da istirojin, saboda haka ƙiba tana ciyar da dajin biyun, na mahaifa ma ya fi. Ciwon sukari, fara al'ada da wuri, daina ta a makare, rashin haihuwa, duk suna ƙara nauyi a sikeli ɗaya. Ga kuma shekaru, waɗanda su kaɗai sun isa: duk wanda ya tsira daga daji na farko ya ci gaba da tsufa kamar kowa, kuma tsufa shi ne babban abin da ke kawo daji. Da yawa daga masu daji biyu babu wani dalili na musamman da za a nuna da yatsa.

Wannan batu na sanadi guda da ke taɓa wurare da yawa ya fi fitowa fili a wasu cututtukan. A 1953 wani likitan tiyata a Chicago, Danely Slaughter, ya duba naman da ke kewaye da dajin baki da ya yanke, ya tarar shi ma ya fara sauyawa duk da cewa a ido lafiyayye ne. Hayaƙin taba ba ya zaɓar wuri. Ya bi baki, ya bi maƙogwaro, ya bi hanyar abinci, ya shiga huhu, abin da ya rage ƙoda ta tace ya taru a mafitsara. Shi ya sa wanda aka warkar da dajin maƙogwaro ya koma wa sigari yake dawowa da na huhu. Ƙwayar cutar HPV da ke haddasa dajin bakin mahaifa ita ce kuma ke kawo na farji da na dubura da na can cikin maƙogwaro, dalilin da ya sa rigakafinta da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 yake da muhimmanci. Mai cuta mai karya garkuwar jiki da ba ya shan magani yana iya haɗa dajin fata na Kaposi da na kaluluwa. Zabiya kuwa, a irin ranar Sakkwato ko Damagaram, yakan fito da dajin fata a kunne, a cire, wani ya fito a goshi ko ƙeya, kowanne sabo ne, rana ce ta ƙona duka fatar.

Gashi da kemo ma suna iya barin baya da ƙura, sai dai a san gwargwadonta. Gashi yana haifar da sabon daji ne a cikin wurin da hasken ya ratsa ko gefensa, kuma yakan ɗauki shekara goma zuwa sama. Na Hajiya a ƙirji aka yi shi, mahaifa tana can ƙasa nesa, ba shi da alaƙa da wannan. Wani bincike a rajistar Amurka da aka buga a 2011 ya ƙiyasta cewa a cikin manyan da aka yi wa gashi, kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na dajin da suka samu daga baya za a iya ɗora wa gashin. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yara da 'yan mata. Yarinyar da aka gasa wa ƙirji saboda dajin kaluluwa na Hodgkin, haɗarinta na dajin nono kafin ta kai 50 yana kusan ɗaya cikin uku, shi ya sa ake fara mata hoton nono tun tana 25, ko shekara takwas bayan gashin, duk wanda ya zo daga baya. A ɓangaren kemo, magunguna irin cyclophosphamide kan taɓa ɓargo su kawo dajin jini bayan shekara biyar zuwa bakwai, irin su etoposide da doxorubicin kuma cikin shekara ɗaya zuwa uku. A masu dajin nono wannan bai kai mace ɗaya cikin ɗari ba.

Yanzu ku 'ya'yanta. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na cututtukan daji ne ke bin gado, amma idan mutum ɗaya ya yi biyu, dole a ɗaga gira a bincika. Kowane ɗan Adam yana da kwafi biyu na ƙwayoyin gadon da ke gyara lalacewa a jiki, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda aka haifa da ɗaya a lalace, kowace ƙwayar halitta a jikinsa saura mata mataki guda, don haka daji kan zo masa da wuri kuma a wuri fiye da ɗaya. Alfred Knudson ne ya fito da wannan bayani a 1971 daga nazarin dajin ido na yara, wanda ake gane shi da farin ɗigo a tsakiyar ido mai ƙyalli kamar na kyanwa da dare. Yaron da ya kama shi a ido biyu gado ne, kuma yana buƙatar sa ido har girmansa saboda dajin ƙashi da na tsoka.

Ga macen da aka samu da dajin cikin mahaifa, abin da ake fara nema shi ne cutar Lynch, wata larura ta gado da ke kawo daji. Tarihinta ya faro ne daga wata mai ɗinki a jihar Mishigan da ta shaida wa likita Aldred Warthin cewa ta san daji ne zai kashe ta, domin shi ya ɗauke danginta. Haka kuwa aka yi, kuma Warthin ya buga tarihin gidan a 1913. Likita Henry Lynch, wanda cutar ta ci sunansa, ya farfaɗo da binciken a 1966. Masu wannan gado suna samun dajin babban hanji da na mahaifa, sai na ƙwan mace da tumbi da hanyar fitsari. Abin da ya sa nake kawo ta shi ne gwajin farko ba ya buƙatar a kai jini ƙasar waje: rini huɗu ne, MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2, a kan dunƙulen kakin nan na Hajiya. In duk sun kama, da wuya a ce Lynch ce. In ɗaya ya ɓace, sai a zurfafa bincike, domin in ta tabbata, ita Hajiya tana buƙatar a riƙa leƙa hanjinta da na'ura duk shekara ɗaya zuwa biyu, kuma kowane ɗa nata, mace ko namiji, yana da rabin yiwuwar ɗaukarta. Akwai kuma wata da ba ta da yawa, cutar Cowden, da ke haɗa dajin nono da na mahaifa da na gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo.

A cikin ƙwayoyin gadon nan masu gyara lalacewa, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995, su ne aka fi ji. In sun lalace, nono da ƙwan mace suka fi kamawa, a maza kuma furostet, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsara, da nono, sai fankiriyas a duka jinsi. Mai lalataccen BRCA1 tana da kusan kashi 70 cikin 100 na samun dajin nono a rayuwarta, da kusan 44 na dajin ƙwai, kuma in ta yi a nono ɗaya, kusan kashi 40 ne ɗayan zai kamu cikin shekara ashirin. Wannan ba matsalar Turawa kaɗai ba ce. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, wanda aka buga a 2018, ya gwada mata 1,136 masu dajin nono, ya samu kashi 7 cikin 100 da lalataccen BRCA1, kashi 4 da lalataccen BRCA2. Adadin ya fi abin da ake samu a yawancin ƙasashen Turai.

Kafin ki kashe kuɗi a kan gwajin gado, akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. Ki samu tsofaffin gidanku, gwaggo ko inna da ta san kowa, ki zauna da ita da takarda. Ki rubuta dangin Hajiya ta wajen uwa da ta wajen uba har kakanni: wa ya rasu, yana da shekara nawa, da wane ciwo. Ba za a ce miki daji ba. Za a ce cikinta ne ya kumbura ya cika da ruwa, ko basir ne mai jini ya ƙi jin magani ya rame, ko nono ne ya yi gyambo, ko an yi mata sammu. Ki rubuta yadda aka faɗa, likita zai fassara. Abin da muke nema shi ne mutum biyu ko uku a layi ɗaya, ko wanda ya kamu kafin 50, ko namiji mai dajin nono, ko dajin ƙwai ko da mutum ɗaya ne. Kada ki tsallake dangin uba, mutane suna zaton ciwon mata ta wajen uwa kawai yake bi, ba haka ba ne. In za a yi gwajin, da Hajiya ake farawa, ba da ku ba. Ko ba a samu komai ba, ke da 'yan uwanki mata ku fara hoton nono daga shekara 40, tunda ita a 50 ta kamu.

Game da aiki. Na san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata. Tushenta shi ne mutanen da aka kai asibiti cutar ta riga ta gama jiki, aka buɗe aka rufe, suka rasu bayan wata biyu, sai aka ɗora wa wuƙar. Amsar tana jikin Hajiya da kanta: an sa mata wuƙa shekara takwas da suka wuce, ga ta nan. Ina ba ki shawara ki tafi da babban kawunki wajen likitan, ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa. Dattijo ya fi sauƙin sauka daga ra'ayinsa a gaban likita fiye da a gaban 'yar ƙanwarsa. Kuma a tuna jikin na Hajiya ne, a yi mata bayani da Hausa dalla-dalla, ita ke da ta cewa.

Aikin da aka saba yi shi ne cire mahaifa da bakinta da bututun biyu da ƙwai biyu, wani lokaci da ɗibar kaluluwar ƙugu. Kafin nan za a yi hoton ciki da ƙirji, a duba nonon dama da tabon hagu da hammata, domin a tabbatar tsohon yana kwance. Abin da aka ciro shi zai nuna ko ana buƙatar ƙarin magani: zurfin da ya ci a bangon mahaifa, da nau'insa. Yawanci mai sauƙin hali ne, amma akwai nau'o'i masu zafi da ake ɗan fi gani a waɗanda suka sha tamoxifen, su kan buƙaci kemo ko gashi bayan aiki. Kada a bar makonni su yi ta wucewa ana shawara, wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi shi ne abin da ake so tsakanin sakamako da tiyata.

Nan ne tsofaffin takardu suke da daraja. Jiki yana riƙe lissafin maganin da aka taɓa ba shi. Doxorubicin, jan ruwan nan da masu kemo ba sa mantawa da shi, yana da iyakar da ba a wucewa a tsawon rai, wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, in an haura zuciya ce ke raunana. Wurin da aka taɓa gasawa ba a sake gasa shi yadda aka ga dama. Likitan da zai tsara maganin yanzu yana buƙatar sunan kowane ruwa da aka ɗaura mata, zagaye nawa, gashi kwana nawa kuma a ina, da ranar da ta fara da ranar da ta daina tamoxifen. Fayil yana ɓata a asibiti, likitoci suna canza wurin aiki. Ki je sashen da aka yi mata magani ki nemi taƙaitaccen rahoto a rubuce, ki ɗauki hoton kowace takarda da wayarki, ki tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye kwafi.

Bayan an gama, bibiyar Hajiya za ta zama ta cututtuka biyu. Hoton nonon dama duk shekara, duba wajen likitan mata duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, leƙen hanji ko da Lynch ba ta tabbata ba tunda ta haura 45, gwajin ciwon hanta na B in ba a taɓa yi ba, da kula da sukari da nauyi. Duk sabon abu da ya wuce mako biyu zuwa uku bai tafi ba, jini ta kowace kafa, ƙullutu, tari, canjin bayan gida, ciwon ƙashi da ke hana barci, rama ba dalili, a kai shi asibiti, kuma in an ga ƙari a nemi a ɗebi tsokarsa kafin a sa masa suna.